Jan Hatimin Kunun Malam

Shekarar da mutane suka cika filin Tahrir suka ƙi tashi sai da shugaba ya sauka, ita ce shekarar da Allah ya karɓi ran mahaifinmu. Ana tsakiyar dokar hana fita muka yi masa sutura, muka kai shi makwancinsa da sauri kamar masu sata, domin dole kowa ya koma gida kafin la'asar ta yi sanyi. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Baba mutumin ƙasar Kano ne. Ya fito da niyyar hajji tun yana saurayi, ya yada zango a Sudan, zangon ya yi tsawo har ya auri Inna, daga baya iska ta kaɗo su Alƙahira. Sana'arsa kunun zaƙi. Ya fara da randa ɗaya a wani lungu na Darrasa, tsakanin masu sayar da littattafai, inda ɗaliban ƙasarmu ke wucewa da yunwa da kewar gida. Su suka raɗa masa Kunun Malam. Da ciniki ya buɗe sai ya koma unguwar Arba wa Nus, inda haya ke da sauƙi, ga rufin bene da za a shanya tsiron dawa a kan buhuna. A can muka tashi mu biyu, ni da Yaya, wanda ya girme ni da shekara goma sha biyu.

Yaya ƙaƙƙarfa ne, shi ke ɗaukar buhu, shi ke tsayuwa a bakin wuta. Ni kuwa an haife ni da ciwon ƙirji, hayaƙi ba ya bari na, don haka Baba ya zaunar da ni kusa da shi ya koya mini rubutun ajami irin na gida, mai kaurin baƙi da wasali a kowane harafi. Yaya makarantar Larabawa ya yi. Idan ya ɗauki takardar ajami, haruffan ya san su, amma sai ya yi ta tuntuɓe kamar mai tafiya a gonar da aka yi wa kunya. Yakan jefar ya ce, "Wannan ai Larabci ne da ya sha duka."

Baba yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa. Duk kunun da ya kai la'asar ta rana ta biyu ba a sayar ba, sai a zubar. Da hannunsa yake tuttule shi a kwata, ko da rabin randa ne, ko da a gidan babu kuɗin burodin gobe. Yaya yakan tsaya yana kallo. Wata rana ya ce, "Baba, ko awaki ne a ba su mana." Baba ya ce, "Akuyar wa ka tsana?"

Dalilin dokar yana cikin wani littafi mai bangon fata da Baba ya rubuta duk sirrin sana'arsa a ciki. Kakarsa ta wajen uwa Bamagujiya ce, mai dafa giya, kuma a gindinta ya yi ƙuruciya kafin a kai shi karatu. Ya san hanyar da hatsi ke bi ya zama abin sha na halal, ya kuma san inda hanyar ke karkacewa. Saboda tsoron kada mu faɗa ba da sani ba, ya keɓe shafi guda ya jera abubuwan da ba a yi. Kada a dafa ruwan tsiro sau biyu. Kada a zuba sabo a tukunyar da gindin na jiya ke ciki. Kada a toshe baki a ajiye kusa da ɗumi. Ya faɗi awo, ya faɗi yawan kwanaki, ya faɗi irin ƙamshin da za a ji a kowace rana, har zuwa ranar da kumfa za ta taso tana ƙara kamar tafasa alhali babu wuta. A ƙasan shafin ya rubuta, in ka ga haka ya zama najasa, zubar, ka wanke tukunya sau bakwai. Shafin ƙarshe kuma shi ne na garin da yake barbaɗawa a kowace randa, wanda ya bambanta kununsa da na kowa. Shi kaɗai ke daka shi, a ɗakinsa, ƙofa a rufe.

Kwana biyu kafin rasuwarsa ya kira mu. Ya ce wa Yaya, "Ka riƙe ƙaninka har ya gama karatu." Ya miƙo mini littafin ya ce, "Kai kuma ka karanta wa yayanka wannan duka. Kada ka ɓoye masa ko harafi." Muka ce mun ji. Lokacin ina shekara ta biyu a jami'ar da ke jikin tsohon masallacin Darrasa.

Ranar uku, masu ta'aziyya suka ɗan samu hanya. Cikinsu akwai wani dattijo Kirista mutumin Filato, mai dafa abinci a gidan wasu Turawa a Ma'adi, wanda ya shekara fiye da goma yana sayen kunun Baba. Ya yi mana gaisuwa da kyakkyawar Hausa, ya ce maƙogwaronsa ya bushe don tun daga babban titi da ƙafa ya tako. Yaya ya shiga ɗakin girki ya ɗauko masa gora ɗaya. Babu wanda ya tuna cewa gorunan nan tun kafin Baba ya cika suke jingine a bayan murhu, a toshe. Mai zubarwar ne ya kwanta, ba wanda ya gaje shi.

Da ya buɗe sai gorar ta yi tsaki. Ya kurɓa, ya sake kurɓa. Sai muka ga hawaye na bin kumatunsa. Na ɗauka kukan Baba yake. Ya ce, "Ku yafe ni, 'ya'yana. Rabona da wannan ɗanɗano tun uwata na da rai. Kamar a tsakar gidanmu nake." Yaya ya karɓi gorar ya sansana, ya ba shi haƙuri, ya ce kunun ya lalace. Dattijon ya ce, "A wurinku ya lalace." Ba da wata manufa ya faɗa ba, na shaide shi. Ni na manta da maganar kafin magariba. Yaya bai manta ba.

Bayan sadakar arba'in muka fara karatun littafin. Ina kwana a masaukin ɗalibai a Darrasa, ranar Alhamis in hau mikrobas in zo gida, Juma'a bayan la'asar mu zauna a rufin bene kusa da tsiro, ina karantawa yana rubutawa da Larabci a wani littafin makaranta. Shafukan jiƙo da niƙa da tata bai ko saurara sosai ba, ya riga ya san su da hannunsa. Da muka zo shafin hani sai ya gyara zama.

"Sake karanta wannan. A hankali."

Na sake.

"Gindin na jiya, kamar yaya yawansa?"

Na duba, na ce Baba ya ce ko cikin ludayi ɗaya ya isa ya ɓata randa.

"Ludayi ɗaya. To. Dafuwa ta biyun fa, bayan kwana nawa?"

Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina, ashe Yaya ya fi ni tsoron Allah, dubi yadda yake bin iyakokin haram ɗaya bayan ɗaya don kada ya taka. Sau uku na karanta masa shafin. Inda Baba ya yi amfani da tsohuwar kalma ta mutanen kakarsa, na tsaya na warware masa ita, har ina kawo misali, ina jin kaina malami. Babu abin da ban ba shi ba.

Shafin ƙarshe ne kawai ban karanta ba. Na ce masa dakan garin ni zan riƙa yi duk Juma'a, kada a ɗora masa wani nauyi. Gaskiyar magana, ina so ne a ce akwai abu ɗaya a gidan nan da ba a iya yi sai da ni. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Tamam. Riƙe abinka, malam."

A wannan shekarar ya daina tallar randa ya koma zuba kunu a kwalabe, ana kai wa shaguna a unguwar Hayyin Ashir. Ya ce in rubuta sunan Baba da hannuna a yi hatimi da shi. Na fere alƙalami na kara, na zauna na rubuta Kunun Malam da mafi kyawun rubutun da Allah ya hore mini, aka kai wa mai sassaƙa hatimin roba. Yaya ya sayo tawada biyu, shuɗiya da ja. Na tambaye shi ta mece ce jar. Ya ce ta mai yawan citta ce, Habashawa da mutanen kudancin Sudan sun fi son mai yaji. Ya kama wani ɗaki a layin bayanmu, ya ce na ajiyar dawa ne. Ban taɓa cewa a buɗe mini in gani ba.

Gida ya canja. Aka sayi firiji, aka sayi injin niƙa, Inna ta daina wankau. Duk littafin da malamai suka ambata, kafin mako ya zagayo Yaya ya sa an kawo mini, mai kyakkyawan bugu, ba irin na bakin titi ba. Abokaina suna ƙoshi da wake da burodi, ni ina cin nama. Ina cewa albarkar Baba ce ke bin mu.

Shekara uku ina cikin wannan duhu. Na gama digiri, na fara zama da sababbin ɗalibai a wani lungun masallaci ina maimaita musu fiƙihu da Hausa. Ranar da muka zo babin abin sha, na yi bayani mai tsawo a kan ruwan hatsi da na dabino, da lokacin da yake halal da lokacin da yake juyawa. Har na ba su labarin Baba da kwatarsa. Sai wani ɗalibi Bazazzagi, mutum mai kunya, ya ɗaga hannu.

"Allah gafarta malam, to shi kunun gidanku mai jan hatimi, mene ne hukuncinsa?"

Na ce citta ce ta yi masa yawa, citta kuwa ba ta haramta komai.

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi dariya da ya fi mini sauƙi. Suka sunkuyar da kai gaba ɗaya, kowa na kallon littafinsa, sai na gane cewa duk da'irar nan ni kaɗai ne ban sani ba.

Ban jira Alhamis ba. Na sauka daga mikrobas na wuce gidanmu, na zarce layin baya. Tun daga bakin lungu ƙamshin ya tare ni, irin wanda Baba ya siffanta na rana ta uku, mai tsami da zaƙi kamar ƙullin da aka manta. Ƙofa a buɗe take. Manyan tukwane shida a jere, an rufe su da barguna, suna ƙara ƙasa-ƙasa, babu wuta a ƙarƙashinsu. Yaya na zaune a kan akwati, kwalabe a gabansa, yana buga musu sunan Baba da rubutuna, ɗaya bayan ɗaya.

Ya ɗago ya dube ni, bai ko ajiye hatimin ba.

"Yau ba Alhamis ba ce."

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

"Kai da ka karanta mini shi sau uku kake tambayata?"

Na ce Baba ya rubuta ne don a guje shi. Ya ce, "Baba ya rubuta, kai ka fassara, ni na dafa. Kowa ya yi abin da ya iya." Na ce ya ji tsoron Allah. Ya ce shi ko ɗigo bai taɓa kai wa bakinsa ba, da hanci yake aiki, kuma ba ya sayar wa Musulmi in ya sani. Na ce la'anar ta haɗa da mai dafawa da mai ɗauka da mai cin kuɗin. Sai ya yi murmushi, irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Mai cin kuɗin. Madalla. Littafin da ka ciro wannan hadisin, wa ya saya maka? Shekara ashirin ina kallon tsohon nan yana zubar da guminmu a kwata, kai kana inuwa kana wasa da tawada. An ce in riƙe ka har ka gama. Na riƙe ka. Da me kake tsammani? Da shuɗin hatimi?"

Sai na ce abin da ya rage mini. Na ce ya yi abin da ya ga dama da ransa, amma ya cire sunan Baba da rubutuna daga kwalbar. Ya ce sunan ne ake saye. Sannan ya ce, "Ai kai ma akwai abin da ka riƙe. An ce kada ka ɓoye mini harafi, ka ɓoye shafi guda. Karanta mini shi, in ba ka hatiminka."

"Ba ni hatimin tukuna."

"Karanta tukuna."

A kan wannan muka tsaya. Na shiga gida na ɗauki littafin Baba, na durƙusa na gaida Inna. Ta ce, "Ka je can?" Na ce na je. Ta ce, "Ni ban ga komai ba, ɗana. Idona ya yi rauni." Idonta lafiya lau yake, tana zura zare a allura a lokacin.

Na kama ɗaki a Darrasa. Littattafan da ya saya mini na rasa yadda zan yi da su. Na kai su masallaci na ajiye a kan kanta ba tare da na gaya wa kowa ba, amma abin da na haddace daga cikinsu ba shi da kantar da zan ajiye shi. Na daina zaman da'irar. Na koma gyaran rubutu a wata maɗaba'a, inda ba a tambayar mutum ɗan gidan wa ne.

Garin da na daka na ƙarshe ya kai su wata guda. Bayan nan kunun shuɗin hatimi ya zama kamar na kowa. Ɗalibai suka fara cewa Kunun Malam ya mutu da Malam. Yaya ya gwada kanumfari, ya gwada kirfa, ya gwada abin da mutanen Sudan ke sa wa nasu abin shan azumi, bai dace ba. Ya aiko Inna. Ta hau bene hawa huɗu da ciwon gwiwa ta zauna a bakin katifata tana haki.

Ta ce, "Ka ba shi garin nan. In na halal ɗin ya faɗi, me ya rage masa?"

Na ce ya kawo hatimi.

Ta ce, "Ku biyun nan kan ubanku kuka ɗauko, ba wanda ya ɗauko zuciyarsa."

Na raka ta har mota, ban ba ta ba. Kafin shekara biyu Yaya ya daina kunun zaƙi gaba ɗaya. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa dama can niyyarsa ke nan. Mai yiwuwa haka ne. Amma na san randar halal ta ƙarshe a gidanmu ni na ƙafar da ita, ina zaune da maganinta a ƙarƙashin matashina.

Labarin bunƙasarsu a bakin mutane na riƙa ji, don a Alƙahira Bahaushe ba ya ɓuya wa Bahaushe. Daga ɗaki ɗaya suka kama ƙasan benen gidanmu gaba ɗaya. Tukwanen ƙasa suka koma na ƙarfe masu famfo. Babban ɗan Yaya, wanda na riƙa ɗauka a kafaɗa yana jariri, ya karanta ilimin sarrafa abinci ya dawo ya karɓi ragama. Ya fitar da kala uku, mai zoɓo, mai zuma, da ta asali wadda tsofaffin kwastomomi ba sa yarda a taɓa. Aka ce har Turawan Ma'adi da Zamalik suna aikowa a kai musu, suna yaba cewa giyar dawa ce irin ta gargajiya, ta gida ɗaya, daga kaka zuwa jika. Daga kaka zuwa jika! Ban san yadda suka yi da takardun hukuma ba, ban kuma tambaya ba. Sau ɗaya na tsinci fankon kwalbarsu a gefen titi a Hayyin Ashir. Na ɗauka na kankare takardar da farcena har ya yi jini, mutane na wucewa suna kallona.

Inna ta rasu shekarar annobar da aka rufe masallatai. Ni da Yaya muka tsaya kafaɗa da kafaɗa muka sallace ta, muka saka ta a kabari tare, hannunsa na taɓa nawa. Da muka fito ya ce, "Ma'alish," wato a yi haƙuri. Na ce, "Ma'alish." Kowa ya kama hanyarsa.

Bara, bayan ƙaramar salla, ɗan nasa ya zo maɗaba'a ya same ni. Ya zama cikakken mutum, har da furfura ɗaya-ɗaya a gemu tun bai kai ba. Ya rusuna ya ce, "Baffa, Abba ba shi da lafiya. Ciwon sukari ya taɓa masa ƙafa, an yanke yatsu biyu, ɓarin jikinsa kuma ya saki. Ba ya cin komai. Kunun Kaka kawai yake ambata."

Na ce, "Shi ya aiko ka?"

"Cewa ya yi in na zo wurinka zai tsine mini."

Na ce ya tafi, zan zo jibi. Na sayi dawa wurin wata Basudaniya, na jiƙa, na kai niƙa. Garin Baba dama ban taɓa rabuwa da shi ba, duk shekarun nan ina yin sa kaɗan-kaɗan don kada hannuna ya manta, in ya tsufa in zubar. Na dama a ɗakina, hayaƙin risho na shaƙe ni, na bar shi ya kwana, na tace da safe. Ban sa sukari ba.

Gidan na Arba wa Nus ya ƙaru da hawa biyu. Na toshe hancina da rawani na wuce ƙasan benen. Yaya na kwance a ɗakin Baba, ya zube, hannayen nan da ke ɗaga buhu sun zama kamar sanda. Ya dube ni da ido ɗaya mai kyau.

"Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba kowa. Kunu na kawo."

Ɗansa ya tallafo shi, na kai masa kofi baki. Ya kurɓa, rabi ya zubo ta gefen da ya saki. Ya riƙe sauran a baki ya daɗe kafin ya haɗiye. Ya sha kofi guda, abin da aka ce bai yi ba cikin mako biyu.

Ya ce, "Ka cika ruwa. Na Baba ya fi kauri."

"Naka fa, da ka yi shekara biyu kana lalube?"

Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Na ciro littafin daga aljihu. Ban ce ya fara ba ni komai ba. Na gaji, kuma na ga alamar idan na ƙara jira, wasiyyar Baba za ta bi ni kabari ba mai karɓa. Na buɗe shafin ƙarshe. Sai na lura ɗan nasa ya matso, ya kasa kunne, idonsa a kan takardar. Na san abin da zai yi da shi, kala ta huɗu. Na dafe layin farko da yatsana, idona a kan yaron. Yaya ya bi idona da kallo.

Ya ce wa ɗansa, "Fita."

"Abba, ai ni ma jikansa ne."

"Yalla, fita. Ja ƙofa. Ka sauka ƙasa, in ji takunka a matakala."

Sai da muka ji ya sauka sannan na karanta. Tsiron shinkafa awo biyu, a shanya a inuwa. Kimba kaɗan. Ɓawon goruba awo ɗaya, a soya shi a busasshen kasko har ya kusa ƙonewa, a daka tare. Layi huɗu ne duka, na biyar addu'a ce ga wanda zai sha.

Yaya ya ce, "Goruba?"

Na ce goruba.

"Gorubar da ke jibge a buhu a bakin kowane mai kayan ƙamshi? Shekara goma, saboda ɓawon goruba?"

Na rufe littafin. Ya juyar da fuska bango, kafaɗarsa mai lafiya na rawa, ban san ko dariya yake ko kuka ba. Can ya ce in ɗaga matashinsa. Hatimin na nan a ƙulle cikin wani tsohon hankicin Inna. Robar ta cinye, jar tawada ta bushe a kanta, haruffan sun dusashe, wasalin duk ya gudu.

Ya ce, "Kada ka ɗauka ka ci nasara, malam. Yaran nan sun daina amfani da shi tun shekara biyu. Sun buga sabuwar takarda da Turanci, da wani suna. Sun ce rubutunka na sa Misirawa su zaci aya ce, yana jawo musu magana. Da ka zo tuntuni, kyauta zan ba ka."

"Me ya hana ka aiko mini?"

"Ba ka karanta ba tukuna."

Na naɗe hatimin a hankicin na sa a aljihu. Na kwana a gidan, a ɗakin, ina ba shi kunun kofi-kofi. Abincinsu ban ci ba, shi ma bai ce in ci ba. Rana ta biyu da aka kira la'asar, saura kusan rabin jarka. Na ɗauka na nufi ƙofa.

Ya ce, "Ina za ka da shi?"

Na ce, "Ka sani."

Ya rufe ido ya ce, "Khalas, shi ke nan. Je ka."

Kwatar Baba tana nan inda take, sai dai yanzu bututun ƙasan bene ma a cikinta yake zuba. Na tsuguna na tuttule kunun, na bi shi da kallo har ya haɗu da ruwan wankin tukwanensu suka wuce tare. Na hau na yi wa Yaya sallama, na ce sai Juma'a in Allah ya kai mu. A mikrobas na sa hannu aljihu zan ba da kuɗin mota, hannuna mai damshi ya taɓa hatimin, na fito da yatsuna duk sun yi ja.